Zan iya naɗa wayar sigarin lantarki da kaina? Amsa ga mai tambaya daga Tawa

Tambaya: "Yaya, ina wuni. Ni mazaunin Tawa ne. Na bar taba na koma sigarin lantarki, to amma koyil ya hana ni sakat: ba ya jimawa ya ƙone, a nan kuma ba na samunsa sai na yi saƙo Yamai. Abokina mai gyaran fanka ya ce in kawo ya naɗa mini da wayar da yake aiki da ita, ko mu ciro ta tsohon abin dafa ruwa. Ina kuma da batiran tocila masu girma ɗaya da na na'urar. Wane kaya ake bukata, kuma yaya ake naɗin?"

Amsa: Lafiya lau, ƙanena. Koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi ta mai da ruwan tururi, ana naɗa shi da hannu, kuma a cikin duk aikin waya da muke yi a teburin gyara nan Yamai, naɗin kansa yana cikin masu sauƙi. Yaron shago ma yini ɗaya ya ishe shi ya iya. Inda ake jin ciwo ba wurin naɗin ba ne, wurin awo ne da batir. Abubuwa ukun nan da ka lissafa kuwa, wayar fanka da ta abin dafa ruwa da batirin tocila, babu ko ɗaya da zan yarda ka kai kusa da bakinka.

Fara kwance kan na'urarka ka duba, don ba kowace ke karɓar naɗin hannu ba. In koyil ɗinka ɗan gwangwani ne rufaffe da ake murɗawa ko a tura ciki, an yi shi ne don a jefar in ya ƙare. Akwai masu farke shi su cusa sabuwar waya, amma ramin ƙarami ne ƙwarai, 'yar roba ce kawai ke raba ƙafafun wayar biyu, tana gocewa wuta ta haɗe. Abin da kake bukata shi ne kai mai fili a ciki, da turaku masu rami da 'yan kusoshin murɗi da ke danne waya. A kwalinsa za ka ga RTA in mai tanki ne, ko RDA in irin wanda ake ɗiga wa ruwa ne a kan auduga kai tsaye. Kusan dukansu mahaɗinsu ɗaya ne, wanda ake kira 510, saboda haka in akwatinka, wato jikin na'urar da batir ke ciki, mai wannan mahaɗin ne zai hau. Ga wanda ya fito daga taba, RTA mai naɗi ɗaya kuma mai matsattsiyar iska nake zaɓa masa. Zuƙarsa ta fi kama da wadda ya saba, ba ya shan ruwa da yawa, ba ya kuma wahalar da batir.

Yanzu waya. Ta fanka jan ƙarfe ce da aka shafe da fenti mai hana wuta tsallakawa. An yi ta ne don kuran ya wuce salun-alun ba tare da zafi ba, mu kuwa zafin muke nema. Mita guda ta jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.4, turjiyarta, wato yadda take tare kuran, wadda ake aunawa da om, kusan om 0.14 ce. Guntun santimita 7 da ake naɗi da shi zai ba ka wajen om 0.01, wato ka haɗa kan batir da gindinsa ke nan. Ga kuma fentin da zai ƙone ka shaƙa. Wayar ɗauri mai sheƙi ita ma a'a, don zinkin da aka lulluɓe ta da shi in ya sha wuta hayaƙinsa na sa zazzaɓi, masu walda sun san wannan. Ta abin dafa ruwa ta ɗan fi kusa da hanya, tunda ita don zafi aka yi ta. Sai dai ba ka san haɗin ƙarfenta ba, ta shekara kwance cikin farin gari a bututu, ta yi gautsi, kana lanƙwasawa tana karyewa. Gaida mini abokin naka, hannunsa zai yi maka amfani, wayarsa ce dai ba ta wannan aikin ba.

Wadda zan ce ka saya ita ce Kanthal A1. Haɗin baƙin ƙarfe ne da kuromiyam kusan kashi 22 cikin 100 da alminiyam kusan kashi 6, kamfaninta kuma ya faro ne a Siwidin tun 1931, yana yin wayar tanderu da murhun lantarki. Tana da tauri, in ka naɗa ta tana zama yadda ka bar ta, in ta yi zafi kuma alminiyam ɗin na yi mata wata fata a baya da ke kare ta. Akwai Ni80, nikel kashi 80 da kuromiyam kashi 20, wadda ta fi saurin ɗaukar zafi kuma ta fi laushi. Amma wanda fatarsa ke ƙaiƙayi in ya ɗaura agogon ƙarfe mai araha, ya bar ta, don sau da yawa nikel ne ke jawo hakan. Akwai SS316L, ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kyau ce amma turjiyarta ƙasa take kuma tana sauyawa in ta yi zafi, abin da kan rikita sabon hannu. Ni200, wato nikel zalla, da titaniyam kuwa kada ma ka taɓa su yanzu. Ba a gasa su har su yi ja, kuma sai a na'ura mai kula da ma'aunin zafi suke aiki.

Kaurin waya ana rubuta shi iri biyu, ko da milimita ko da lambar Amurka, wadda in tana hawa wayar ke sirancewa. Lamba 24 ita ce milimita 0.51, 26 ita ce 0.40, 28 kuma 0.32. Mita guda ta Kanthal mai 0.32 turjiyarta kusan om 18 ce, mai 0.40 kusan 11.5, mai 0.51 kusan 7. Da wannan kaɗai za ka san abin da naɗinka zai ba da tun kafin ka yanke waya. A ce mai 0.32 ce, za ka naɗa ta a sanda mai kaurin milimita 2.5. Haɗa kaurin sanda da na waya, 2.82 ke nan, ka ninka da 3.14: kowane zagaye ya ci kusan milimita 9. Zagaye 6 ya zama wajen 53, ka ƙara kamar 8 na ƙafafu biyu, 61 ke nan, wato kusan om 1.1. Wannan shi ne naɗin da nake so ka fara da shi, ka sha shi tsakanin wat 11 da 15. In ka ƙara zagaye turjiya ta hau, in ka sa waya mai kauri ta sauka, in kuma ka jera naɗi biyu iri ɗaya a kai guda ta rabe biyu. Ƙunshin mita 10, ko da kowane naɗi ya ci santimita 12 har da ɓarna, ya haura naɗi 80. Saƙo ɗaya daga Yamai ya raba ka da jiran mota na tsawon lokaci.

To, ga inda nake so ka nutsu. Batirin da yawancin akwatunan nan ke ɗauka 18650 ne, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. In ya cika yana ba da bolt 4.2. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya fitar a 1827 ta ce ka raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfa, wato yawan kuran da za a ja daga batir. Naɗin om 1.1 bai kai amfa 4 ba. Na 0.5 amfa 8.4 ne. Na 0.2 ya kai 21, na 0.1 kuma 42. Kowane batir yana da iyakar amfa da zai iya bayarwa a jere ba tare da ya yi zafin da zai lalata shi ba: Samsung 25R amfa 20 ne, Samsung 30Q amfa 15. Ka ga ke nan ratar da ke tsakanin om 0.3 da 0.15, wadda a ido zagaye biyu ne ko uku na waya, ita ce tsakanin batir mai aiki lafiya da batir mai huci yana fesa wuta.

Wannan lissafin kai tsaye na bututun ƙarfen nan ne marasa allo, waɗanda ba su da komai a ciki sai batir da maɓalli. Ba su da abin da zai yanke wuta in ta haɗe. Ban yarda sabon hannu ya riƙe su ba, kuma ko tsofaffin hannu ban ga abin da suke samu a ciki da ya kai haɗarin ba. Akwati mai allo da maɓallan ƙara wat shi ne naka: yana auna turjiya, yana ƙin tashi in ya ga haɗewar wuta. A irinsa, wat ɗin da ka sa ne ke nuna nauyin da ke kan batir, kuma nauyin ya fi yawa sa'ad da caji ya kusa ƙarewa. Raba wat ɗin da 3.2, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da na'urar kanta ke ci. Wat 12 wajen amfa 4 ne, ba komai. Wat 60 a batir guda ya haura amfa 20, ya ƙure 25R, ya wuce ƙarfin 30Q.

Batiran tocila fa? Duba jikinsu, na tabbata za ka ga an rubuta 6800 ko 9900 mAh, wato yawan cajin da suke ɗauka. Ƙarya ce. Na gaskiya a wannan girman yawancinsu kusan 3500 ne ƙarshensu, kuma masu ɗaukar caji da yawa su ne suka fi ƙarancin amfa. In kana da hanyar sikelin masu zinariya, ɗora ka gani: na kirki giram 45 ne ko kusa da haka, jabun kuwa tun a hannu za ka ji shi sakayau. Waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta na gaskiya ne, amma an yi su ne don ƙaramin ja, ga shi sun tsufa. Araha ba ta ado a nan. Ka kuma san cewa duk jikin gwangwanin batir gindi ne, rigar robar nan ce kaɗai ke raba shi da kai. In ta yage ko kaɗan, musamman wajen wuya, ajiye shi sai an sake masa riga. Kada ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai da tsabar kuɗi. Zafinmu ma abin lura ne: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke kai digiri 45, cikin mota a rufe ko ƙarƙashin sirdin babur ba wurin batir ba ne. Yawancin masu ƙera shi ba sa so a yi masa caji in zafi ya haura digiri 45, don haka ka bari sai da yamma, a ɗaki, kana kusa, ba ka tafi barci ka bar shi ba.

Kayan aiki ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna nan a kasuwar Tawa, balle kasuwar Katako ta Yamai. Sandar naɗi: gindin bakin injin huda mai lamba 2.5 ko 3, don kaurinsa a rubuce yake, ba kamar ƙusa ba da sai ka yi kirdado. Ƙaramin awartaki mai yanka daf da jiki; abin yanke akaifa ma yana yi wa siririyar waya, sai dai bakinsa ba ya jimawa. Almakashi mai kaifi da ba a yanka komai da shi sai auduga. Ƙaramin sukundireba da makullin nan mai kusurwa shida, waɗanda galibi suna zuwa cikin kwalin kan. Hantsaki mai bakin tangaran, wanda shi kaɗai ake matse naɗi da shi wuta na ciki. In na ƙarfe gare ka, sai ka saki maɓalli kafin ka taɓa. Abu na ƙarshe shi ne ma'aunin om. Mitar masu gyaran rediyo ba ta cika gaskiya ba a ƙananan lambobi, don wayoyinta kansu suna da turjiya. Haɗa bakinsu biyu ka ga abin da ta nuna, ka debe shi daga awonka. Wanda ya fi shi ne ɗan ma'auni mai ramin 510 da ake murɗa kan a samansa, in babu kuma allon akwatinka ya wadatar.

Wanke hannu da sabulu, ka goge wayar da alkol na farmasi, don tana zuwa da maiƙon inji. Yanki kamar santimita 12. Danne bakin ɗaya da babban yatsa a jikin sanda, ka riƙa ja da ƙarfi kana zagayawa, kowane zagaye na kwance jikin ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba. Ja ɗin shi ne sirrin. Waya sako-sako ba ta ba da naɗi mai kyau. Zagayen farko yakan fito a karkace, sai ka yi bakwai ka warware shi. Ƙafafun biyu su fuskanci gefe ɗaya.

Kada ka zare sandar tukuna. Da ita a ciki za ka sa ƙafafun a ramukan turaku, ka daidaita naɗin a saman ramin iska da tazarar milimita ɗaya zuwa biyu, ka ɗaure kusoshi. Ɗaurin ya kama, amma ban da ƙarfin tuwo, don kusa na iya datse siririyar waya. Yanke rarar ƙafafu daf da turaku, ka kifa kan ka kaɗe, saboda guntun waya ɗaya da ya maƙale a ciki ya isa ya haɗe wuta. Sai awo. In lissafi ya ce 1.1 ka ga 1.0 ko 1.2, daidai ne. In ka ga 0.3, wani wuri na taɓa jikin ƙarfe. In lambar na tsalle, kusa ce ba ta ɗauru ba. Rufe murfin ka sake aunawa, don akwai naɗin da a buɗe lafiya lau yake, ana rufewa ya taɓa bango.

Daga nan a gasa shi ba auduga. Sa wat 8 zuwa 10, ka riƙa danna maɓalli kana saki, daƙiƙa ɗaya ɗaya, a wuri mai ɗan duhu. So ake ja ya fara daga tsakiya ya bazu gefe biyu daidai wa daida. In wani ɗigo ya riga sauran haske, ko ƙafa ɗaya ta yi ja ita kaɗai, saki maɓalli ka karci bayan naɗin a hankali da bakin sukundireba, ka ɗan matse shi, ka sake gwadawa. Ja mai duhu ya isa, kada ka kai shi ya yi fari. Wannan ɗigon da ake rainawa shi ne ke ƙona auduga a wuri ɗaya, mutum ya yi ta jin ƙauri bai san dalili ba. Wanda bai son wannan wahalar sai ya buɗa zagayen kaɗan yadda ba sa taɓa juna. Irin wannan naɗin ba ya cika yin ɗigo. Bari ya huce, ka sake taɓa kusoshin, don zafi na sassauta su.

Auduga ta fi waya wuyar koyo. Aikinta irin na lagwanin fitila ne: in ya cika ƙunci mai ba ya hawa, in ya yi sako-sako ya malale. Wadda ake so ita ce mara turare da mai, kamar falle-fallen audugar Japan ko wadda aka yi musamman don wannan aiki. Ta farmasi an wanke ta da sinadarin sa fari, wata ma da zaren roba a ciki. Ta gona kuma ba ka san maganin ƙwarin da ta sha ba. Yanki tsiri bisa tsawon zarenta, ka murza baki ɗaya, ka zura. Ta wuce da ɗan ja, amma ba har ta janye naɗin daga wurinsa ba. Yanke jelar biyu daidai yadda za su taɓa ƙasan ramukan ruwa, ka tsefe su da bakin allura, ka kwantar ba tare da dannawa ba. Jiƙa ta sharaf, ka ba ta minti biyar kafin zuƙar farko.

Yanayinmu yana da hannu a nan, abin da bidiyon Turawa ba zai faɗa maka ba. Ruwan haɗin abu biyu ne, PG mai tsinkewa da VG mai kauri. Da bazara ruwan na tsinkewa, tanki ya riƙa yoyo ta ramin iska, sai ka ɗan ƙara auduga a ramuka. Da hunturu kuwa, musamman sanyin asubar Adar, mai VG da yawa yana yin kauri ya kasa hawa, sai ka rage jelar ko ka koma rabi da rabi. Ƙurar hunturu kuma tana son auduga, ka ajiye ta cikin leda a ɗaure. In ka ji ƙauri, tsaya nan take. Busasshiyar auduga a kan waya mai zafi tana fitar da sinadarai masu guba irin su fomaldehaid da akrolin, ba ɗanɗano kawai ya ɓaci ba.

Tunda mun zo nan, kada ka zuba komai a tankin sai ruwan da aka yi dominsa: ba turare, ba zuma, ba mai kowane iri. A Amurka tsakanin 2019 da farkon 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti, 68 suka rasu, kuma binciken hukumar lafiyarsu ya danganta yawancin abin da wani maiƙon bitamin E da aka cakuɗa a ruwan wiwi. Huhu ba ya jure mai. Ruwa mai nikotin da yawa, irin miligiram 20 a kowace mililita, na naɗi mai om 1 ne zuwa sama. In ka sa shi a ƙaramin om mai hayaƙi da yawa, jiri da amai za ka samu. Ɓoye kwalbar daga yara, guba ce gare su. Ni dai ban ce abin nan lafiya ne ba, nikotin kamu ne ko ta wace hanya ya shiga. Kai da ka bar taba, yi amfani da damar ka riƙa rage shi sannu a hankali. Ƙannenka da ba su taɓa sha ba kuwa, kada ka miƙa musu.

Za ka ga hotunan naɗi masu ado, irin su Clapton, inda ake ɗaure waya mai kauri a injin huda a naɗe ta da siririya lamba 32 ko fiye. Suna riƙe ruwa da yawa, suna ba da ɗanɗano mai kauri, amma suna son wat mai yawa, turjiyarsu kuma sau da yawa ƙasa take. Bar su sai batirinka da awonka sun zauna.

Naɗin Kanthal yana yin watanni, auduga ce ake sauyawa, kuma ruwa mai zaƙi ya fi saurin baƙanta ta. In ɗanɗano ya sauya, zare tsohuwar, ka gasa wayar a ƙaramin wat har dauɗar ta ƙone, ka saki maɓalli, ka cire kan daga akwati, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Auna om kafin ka sa sabuwar auduga. Ran da ka ga wayar ta yi ramuka-ramuka, ko ta daina ja daga tsakiya, ko lambar ta gusa da yawa alhali kusoshi a ɗaure suke, kwance ta ka yanki sabuwa.